Rana Tsaka a Ramin Jamusawa

Har gobe in aka ambaci sunan Clarrie Duggan sai na ji raina ya ɓaci, abin haushi kuma shi ne duk bataliyarmu babu wanda na fi so in waiga in gani a gefena ranar faɗa kamarsa. Mai korar shanu ne daga can bayan Birdsville, a ƙasarmu ta can kudancin duniya, dogo, siriri, rana ta gasa shi har ya koma kalar tsohon sirdi. Ya iya harbi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Amma baki! Da ya buɗe shi sai labarin yadda ya kora shanu dubu daga Queensland zuwa Marree ba taswira ba kamfas, da yadda bai taɓa ɓacewa ba tunda uwarsa ta haife shi. Mun sha wannan labari a jirgin ruwa, mun sha shi a Masar, mun sha shi a Faransa, kuma kowane zagaye sai shanun sun ƙaru.

Ni kuwa Wilf Treloar, sajan ɗin su Clarrie, mahaƙin jan ƙarfe ne daga Moonta. Shekara goma sha shida na yi ina shiga ƙarƙashin ƙasa kafin rana ta fito, in fito bayan ta faɗi. Tambaye ni katako da ƙasa in ba ka amsa ido rufe. In kuwa abin da ke sama ne, sai dai in tura ka wurin wani.

Umarnin da aka ba mu a ƙarshen Yulin 1916 a baki ba shi da wuya. Da asuba bataliya za ta tashi, mu tsallake ramin Jamusawa na farko, mu kama na biyu, mu juya shi, mu riƙe har magariba a zo a canje mu. Juya rami aiki ne da kowane soja ya sani. Ramin da ka ƙwace gidanku yake kallo, tunda ku aka gina shi don a harba. Saboda haka sai ka kwashe buhunan ƙasa daga wannan baki ka mayar wancan, ka sare matakin tsayawa, ka kafa mashinga, bindigar nan mai aman harsashi, duk kafin masu ramin su dawo karɓar kayansu. Kuma lallai za su dawo, don Bajamushe ba ya barin raminsa ya kwana a hannun baƙo.

Kafin a busa usur Barney Quill ya biyo layi yana girgiza gorunan ruwanmu ɗaya bayan ɗaya. Barney mai gasa burodi ne daga Port Pirie. Ya haura arba'in da biyar, amma ya rantse wa likitan soja cewa talatin da takwas yake, likita ya dubi furfurarsa ya yi kamar bai gani ba. Shi aka ɗora wa kai mana ruwa duk inda muka shiga, kuma shi ne abokin shan tabar Clarrie.

"Kai Dogo," in ji Barney, "kada ka shanye shi tun kafin ka isa. In Allah ya yarda da rana zan biyo ku da garwa biyu."

"Wannan ruwan naka mai warin fetur? Tsoho, ko shanuna ba za su sha shi ba."

"To ka aika a kawo maka na Birdsville. Na ji an ce akwai rijiya ɗaya a can, ana zuwa kallonta ranar Lahadi."

Aka busa usur, muka fita.

Ba zan yi ƙaryar na ga yadda faɗan ya gudana ba. Hayaƙi na gani, da ƙura, da bayan mutumin da ke gabana. Igwoginmu sun yi kwana huɗu suna nome wurin, ƙauyen da aka ce mu bari a hannun hagu ya zama garin bulo, ko kututture ɗaya babu a tsaye. Ramin farko mun tsallake shi ba mu ma san mun tsallake ba. Laftana Ashworth, wanda kamfas da taswira ke hannunsa, yana gabana taku biyar yana ɗaga hannu, sai ƙasa ta tashi, da ta lafa babu shi babu kamfas. Rami na biyun faɗawa muka yi cikinsa, ba shiga ba. Daga nan sai jifan gurneti, lungu bayan lungu, don ramin a lanƙwashe yake kamar maciji. Mu bi su dama, su ɓullo mana ta hagu, mu koma. Mun fi awa uku muna wannan zagaye kafin na ƙarshensu ya tsere.

Da na ƙirga mu, mutum goma sha ɗaya muka rage a wannan yanki. Ba mu san inda sauran rukuninmu suke ba. Cecil Harbottle, mai ɗaukar harsashin mashinga, harsashin igwa ya fashe kusa da kansa ya toshe masa kunnuwa, sai murmushi yake yi wa kowa yana gyaɗa kai. Ɗan Ingila ne daga Leeds, shekara huɗu kacal ya yi a Adelaide kafin yaƙi, saboda haka ko da kunnensa garau ba mai tambayarsa komai.

"To, a juya rami," na ce. "Shebur a hannu, kowa ya tashi."

Wani ya ce, "A juya shi ina, Sajan?"

Na ɗaga hannu zan nuna, sai na ga ban san inda zan nuna ba. Na leƙa wannan baki, ramuka da hayaƙi. Na leƙa wancan, ramuka da hayaƙi. Waya mai ƙaya da ya kamata ta nuna mana gaban ramin ta zama ɓurɓushi, ta warwatsu ko'ina. Buhunan ƙasa sun zube ciki daga gefe biyu. Sama ta rufe ruf da gajimare da ƙura. Harsasan igwa kuma ta ko'ina suke zuwa, don namu ba su san mun iso ba, na Jamusawa kuwa sun sani. Gaba kura, baya sayaki, kuma ba mu ma san wanne ne gaban ba.

Na bi ramin ina dube-dube har na tarar da ƙofar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, an tokare ta da katako mai kyau, aikin wanda ya san hannunsa. Nan na ji ƙafata ta taka wurin da na sani. Bajamushe yana haƙa ɗakinsa ne a ƙarƙashin bangon da ke fuskantar abokan gaba, ƙofa ta kalli gidansu, don kada harsashi ya shigo masa ta ƙofa. Ke nan bangon da ƙofar take shi ne ɓangarenmu, ɗayan kuma shi za mu fuskanta. Na kira su na yi musu bayani.

Clarrie ya tofar da tabar da yake taunawa. "Sajan, ba raini ba, amma kai ɓera ne. Rami ka sani. Ka san kwana nawa muka sha a cikin nan? Wa ya ce maka ma wannan ramin gaba ne? In hanyar shigowarsu ce fa, ƙofar ko'ina za ta iya kallo."

"To kai da ka san komai, ina ne gabas?"

"Ba ni rana minti ɗaya."

"Sai in aika a kawo maka ita a garwa."

Haka muka tsaya muna cacar baki, lokaci yana tafiya, mutane suna tsaye da shebur suna kallon wannan su kalli wancan. Ni na san kowane minti da muka ɓata Jamusawa suna can suna taruwa. Raina ya yi baƙi ƙirin. Da ina da tabbaci da tuni na daka musu tsawa an fara aiki, amma maganar Clarrie ta shige ni, don gaskiya ne mun sha kwana har kaina ya juya.

Agogona ya wuce sha biyu da kaɗan sai gajimare ya ɗan yage, rana ta leƙo fara fat kamar faranti. Clarrie ya yi tsalle ya zare wuƙar bakin bindigarsa ya kafa ta a ƙasa, ya tsuguna yana kallon inuwa.

"Ga ta nan! Rana tsaka, ke nan can ne arewa. Inuwa ta nuna kudu. Ka fuskanci rana, hannunka na dama shi ne gabas. Can su Fritz suke, Jamusawan naka." Ya nuna bangon nan mai ƙofa. "Ubana haka ya yi tafiya, kakana haka ya yi. Katako yana ƙarya, Sajan, rana ba ta yi."

Na dubi mutanena. Duka suna gyaɗa kai. Me zai hana? Ɗaya manomin alkama ne daga Kadina, ɗaya mai askin tumaki, biyu masu lodin jirgi a tashar Adelaide. Kowanenmu can kudancin duniya ya tashi, a gidan da ake gina baranda ta arewa don a sha hantsi, aka shanya masa wanki a arewa, aka dasa masa tumatir a jikin bangon arewa. Rana tsaka a arewa take, wannan ai ba abin tunani ba ne, kamar a ce maka hannun dama shi ne na dama. An taɓa faɗa mana a jirgi, ranar da muka tsallake tsakiyar duniya, cewa daga nan komai na sama zai juya. Mun ji, mun yi dariya, mun koma kan karta. Wata huɗu a Faransa kuma daga rami sai rami, kullum akwai hafsa da kamfas, ba wanda ya taɓa buƙatar ɗaga kai. Ga kwana biyu ba barci, ga kunne yana kuwwa. Mutum goma ba wanda ya tuna, ni ma har da ni. Na goma sha ɗayan yana zaune a kan akwatin harsashi yana mana murmushi.

"To shi ke nan," na ce. "A jera su a bangon ƙofa."

Awa uku muka yi muna wannan aiki, kuma sai na faɗa, aiki ne mai kyau. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Muka tono buhuna daga cikin ɓaraguzai, muka cika waɗanda suka zube, muka jera su bakinsu a ciki, muka daddaɓe da bayan shebur. Na sare matakin tsayawa da hannuna, na tokare shi da katakon Jamusawa. Har ƴan buhunan da suka rage a ɗaya bakin muka kwashe tas muka ƙara wa namu tsayi, muka bar wancan gefe fayau kamar an share. Muka kafa mashinga a kwana. Gorunanmu suka ƙafe tun wajen ƙarfe ɗaya, harshe ya yi kauri a baki, Clarrie kuwa bai fasa ba.

"Da an bi ta Sajan da yanzu mun juya wa Fritz ɗuwawu."

"Yi mana shiru ka cika buhu."

Wajen ƙarfe uku da rabi mai gadi ya yi kira ƙasa-ƙasa. Na hau mataki. Can cikin ƙura, kamar taku ɗari biyu, wani abu yana motsi daga rami zuwa rami, a sunkuye, hannu biyu riƙe da kaya masu nauyi. Haka masu gurneti na Jamusawa suke zuwa gaban sahu, kowa da jakarsa.

"Sun fara," na ce. "Clarrie, kana ganinsa?"

"Tun ɗazu."

"Sauke shi."

Harbi ɗaya ya yi. Mutumin ya kife. Sai muka ji ƙarar garwa tana gangarawa cikin rami, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Bayanta kuma wata murya ta taso tana zagi, zagin da babu Bajamushen da ya iya shi, irin na bakin tanderu a Port Pirie.

Clarrie ya sauke bindiga a hankali, ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta sauko daga tsaka, ta karkato, kuma gaban buhunanmu ta karkato, wajen da ya ce mana gabas ne. Da ɗayanmu ya ɗaga kai daga shebur cikin awa ukun nan da ya gani.

Na kama kafaɗar Cecil na nuna masa rana, na yi ihu a cikin kunnensa, "A garinku rana tsaka ina take?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan uwarsa. Ya amsa da ƙarfi irin na kurma, "Kudu mana, Sajan! Ina kuma za ta kasance?"

Wallahi da ba don ina buƙatar kowane hannu ba da na rufe shi da duka, shi da bai yi laifin komai ba.

Clarrie bai jira umarni ba, ya haure buhuna ya ruga. Na tura mutum ɗaya ya bi shi. Suka jawo Barney a kan bargo, Clarrie da garwa ɗaya rataye a wuya, ɗayar ta fashe a faɗuwa. Harsashin ya shiga ta ƙasan haƙarƙari. Na duba na rufe, don na ga irinsa da yawa, na san ba aikin bandeji ba ne.

"Kowa ya juya!" na ce. "A mayar da buhuna! Maza!"

Ba mu mayar da ashirin ba suka iso. Ta bayanmu suka zo, wato ta inda ya kamata su zo, sahu biyu, hulunan kwanonsu suna fitowa daga ƙura. Babu mataki a wannan gefe, babu buhu, sai gaɓar ƙasa tsirara. Na ɗauki mashinga na aza a kan gaɓa, Cecil ya kwanta a gefena yana miƙo faifan harsashi. Sauran suka hau kan akwatuna, wasu kan gawar Jamusawa, duk abin da zai ɗaga mutum ya ga waje. Rabin jikinmu a fili yake. Manomin nan na Kadina ya faɗo baya tun kafin ya yi harbi na biyu. Ɗaya daga masu lodin jirgi ya bi shi. Suka matso har muna jin muryar hafsansu, gurneti ya fara sauka a cikin ramin, muna tsinta muna mayar musu. Clarrie ya haye can sama gaba ɗaya ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ba abin da ya kare shi, yana harbi yana ja, yana harbi yana ja. Na yi ta zaginsa ya sauko, ko waiwayowa bai yi ba. Shi ya sauke hafsan, daga nan sahun ya karye, suka ja da baya suna jan nasu.

Na sake ƙirga. Takwas. Mutum uku sun tafi, kuma kyakkyawan bangonmu yana nan a bayanmu ko ƙwarzane babu.

Barney yana jingine a bakin ƙofar ɗakin, fuskarsa ta koma kalar ƙullu, amma bakinsa bai mutu ba. Clarrie ya durƙusa a gabansa.

"Dogo, kai ne? Ka ga abin da shegun nan suka yi min? Ina tafe da ruwan mutane, ban tsare wa kowa komai ba." Ya yi tari. "Wani ɗan banzan maharbi ne, yana ɓoye a nan kusa. Ya iya, ba zan hana shi ba. Ka nemo min shi, ka ji? Kai kaɗai za ka iya da shi."

Clarrie ya buɗe baki. Na ga abin da ke shirin fitowa, na taka masa yatsun hannu da takalmina har sai da na ji sun nutse a laka.

"An gama da shi, Barney," na ce. "Tun ɗazu. Yana can a kwance."

"Madalla. Wa ya same shi?"

"Duka muka taru a kansa."

"Haka nake so." Ya lumshe ido, ya sake buɗewa. "Ruwan ya iso?"

"Garwa ɗaya ta iso."

"To ku sha mana, me kuke jira? Na ɗauko shi tun daga bayan layi don ku zauna kuna kallonsa?"

Na jiƙa masa leɓe da tsumma, don mai rauni a ciki ba a ba shi ya haɗiya. Ya riƙe hannun rigar Clarrie yana ba shi labarin wani tanderu da yake so ya saya in an koma, maganar tana raguwa tana raguwa. Bai kai rabin awa ba ya cika.

Na buɗe garwa na auna wa kowa rabin kofi. Ruwan ɗumi ne, yana warin fetur, mutane suka shanye suna lashe bakin kofi. Da aka zo kan Clarrie sai ya kau da kai.

"Ba na sha."

"Karɓi."

"Sajan, ka bar ni. Ba zan iya ba. In an canje mu zan je wurin Kyaftin in faɗa masa da bakina, in rubuta wa matarsa..."

"Ka rubuta mata me? Don kai ka samu sauƙi ita ta ɗauka? Ni na ga ƙofar nan da idona na bar ta. Ni na ce ka sauke shi. In akwai mai zuwa wurin Kyaftin ni ne, kai kuma ka kama bakinka sau ɗaya a rayuwarka." Ban san wa na fi jin haushi ba, shi ko ni. "Tun ƙarfe ɗaya ba ka sa komai a maƙogwaro ba. Su Fritz za su sake dawowa kafin magariba, mu takwas ne, kuma kai kaɗai ne kake samun abin da ka auna. Ba roƙonka nake yi ba, Duggan. Sha."

Ya daɗe yana kallon kofin. Sannan ya karɓa da hannu biyu, ya kafa kai, hawaye suna gangarowa ta cikin ƙurar fuskarsa suna shiga ciki. Sau biyu ya tsaya kamar zai dawo da shi, na tsaya a kansa har ya shanye.

Mai gadi ya yi kira daga gaɓa cewa ya ga motsi. Clarrie ya ajiye kofin a gefen Barney, ya goge baki da hannun riga, ya ɗauki bindigarsa ya hau akwati.